Dutsen Gugar Hadijatu

Zinariya: Halo? Salamu alaikum. Halo, Malam Ɗalhatu?

Ɗalhatu: Wa alaikumus salam. Wa nake ji?

Zinariya: Au, yau kuma muryata ce ba a gane ba? Zinariya ce, daga Sule Tankarkar.

Ɗalhatu: A'aha! Ƙanwar matata, amaryar da na ajiye a ƙauye! Lambar ce ban sani ba. Ina taki wayar?

Zinariya: Ta faɗa randa, ta maigidan na ara. Kuma ka daina ce wa garinmu ƙauye. Ina wuni?

Ɗalhatu: Lafiya lau. Ina gajiya?

Zinariya: Ba gajiya. Ya gida, ya Gumel?

Ɗalhatu: Gumel na nan inda kika bar ta. Ya wanda ya ƙwace min ke?

Zinariya: Yana gona, ana ta yankan gero. Ya ce a gaishe ka.

Ɗalhatu: Ina amsawa. Geron ya yi kyau bana?

Zinariya: Alhamdu lillahi, sai dai riɗi ne ruwa ya ɗauke masa da wuri. Ya gwiwar taka?

Ɗalhatu: Gwiwa ai ta tsufa ce, maganinta haƙuri. Yara fa?

Zinariya: Duk lafiya. Ya mai jiki? Ya Yaya Hadijatu?

Ɗalhatu: Da sauƙi. Da sauƙi sosai ma.

Zinariya: Allah ya ƙara sauƙi. Ɓarin daman da ya shanye har yanzu bai motsa ba?

Ɗalhatu: Ƙafar tana ɗan ja. Hannun ne dai shiru.

Zinariya: Bakin fa?

Ɗalhatu: A hankali.

Zinariya: To Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗalhatu: Amin, amin.

Zinariya: Ya gida dai?

Ɗalhatu: Zinariya, kin tambayi gida ɗazu na ce lafiya. Katin mijinki kike ƙonawa. Faɗi abin da ke bakinki.

Zinariya: Dama... Babban wanmu, Yaya Gudaji, shi ya ce in kira ka.

Ɗalhatu: Shi Alhajin bakinsa ke ciwo?

Zinariya: Ya ce in shi ya kira ba za ku rabu da daɗi ba. Ni kuma akwai wasa tsakaninmu.

Ɗalhatu: To, ɗan aike ba ya laifi. Ina jin ki.

Zinariya: Ya ce gobe in an sauko daga masallaci zai zo da mo... a ɗau... Yaya...

Ɗalhatu: Zai zo da me? Goro? Muryarki na yankewa.

Zinariya: Mota! Mota na ce! Kai Malam, fito waje mana, ɗakin nan naku ba ya kama sabis.

Ɗalhatu: Tsaya in matsa bakin ƙofa. To, yanzu fa?

Zinariya: Yawwa. Na ce gobe bayan Juma'a zai zo da mota a ɗauki Yaya Hadijatu, a kawo ta gida jinya.

Ɗalhatu: Gida? Nan ɗin ina ne, tasha?

Zinariya: Ka san abin da nake nufi. Gidanmu, gaban danginta.

Ɗalhatu: Wa ya yanke wannan?

Zinariya: An zauna ne. Yaya Gudaji, da su Gwaggo, da...

Ɗalhatu: An zauna kan matata ba a kira mijinta ba. Madalla. To ki ce masa kar ya ɓata mansa, fetur da tsada.

Zinariya: Haba Malam, bari in gama mana. Labarin wutar nan ya iso mana.

Ɗalhatu: Wace wuta?

Zinariya: Zancen duniya ai ba ya ɓuya. Juwairiyya maƙwabciyarku ta zo biki nan garin, ta ce hayaƙi har zaure, da bokitai aka shiga.

Ɗalhatu: Juwairiyya in ta ga kyankyaso sai ta ce kura ta gani. Riga ce ta ƙone, da gefen tebur. Buta guda ta kashe ta.

Zinariya: Ta ce ka zuba gawayi a dutsen guga, ka kifa shi kan riga, ka kama hanyar masallaci. Ga baiwar Allah kwance a ɗakin, ba ƙafar gudu ba bakin ihu.

Ɗalhatu: Haka ta ce?

Zinariya: Ta ce kai da bakinka ka faɗa musu.

Ɗalhatu: To in ni na faɗa, a bar shi a haka.

Zinariya: A bar shi a haka? Inna lillahi! Da labule ya kama fa? Da yanzu zaman makoki muke ba waya ba. Malam, ba wanda ya ce ba ka yi ƙoƙari ba. Kai ke mata wanka, kai ke dafa mata, kai ke wanke mata zannuwa, har a gari ana magana.

Ɗalhatu: Ana cewa me?

Zinariya: Ana cewa dattijo guda, tsohon ma'aikacin gwamnati, ga shi can yana shanya zani a igiya.

Ɗalhatu: Ai gaskiya suka faɗa. Su ƙara da cewa ni ke kwashewa in ninke.

Zinariya: Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mu nan ga mata cike da gida, ba abin da za ta nema ta rasa. Ko kofin ruwa ba za ta ɗaga da hannunta ba.

Ɗalhatu: Abin da nake gudu ke nan.

Zinariya: Me ka ce?

Ɗalhatu: Ba komai. Ji nan, Zinariya. Ranar da aka kawo min yayarki kina 'yar mitsitsiya, ke kika riƙo mata tabarma kina kuka da majina. Kin ji waliyyinta ya ce aro aka ba ni, in ta samu matsala in mayar?

Zinariya: Ba maganar aro ba ce, al'ada ce. Da Innarmu ta kwanta ai gidan Kawu aka mayar da ita jinya, Baba bai ce uffan ba.

Ɗalhatu: Ta dawo ɗakinta?

Zinariya: Kai Malam.

Ɗalhatu: Tambaya na yi.

Zinariya: Kwananta ne ya ƙare. Allah ya ji ƙanta.

Ɗalhatu: Amin. Na je dubiya lokacin, na gan ta da idona. An shimfiɗe ta a ɗakin baya, an kewaye ta da kwanuka, kowa ya shigo sai "sannu Inna, sannu Inna". In ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi a ce "bari, bari, za a ba ki". Matar da ke sussukar dami ita kaɗai ba ta nemi ɗauki ba. Ba ciwon ne kaɗai ya ci ta ba.

Zinariya: Kar ka zagi gidanmu.

Ɗalhatu: Ban zaga ba. Gidan mutunci ne, daga cikinsa na auro. Amma ni matata ba za ta...

Zinariya: Tsaya, ƙarar me nake ji? Kamar ƙarfe ya bugi ƙarfe.

Ɗalhatu: Oho, mazaunin dutse ne.

Zinariya: Ma'aunin me?

Ɗalhatu: Mazauni! Wurin zaman dutsen guga. Ai labarinsa ya kamata Juwairiyya ta kai muku, ba na hayaƙi ba. Waccan Alhamis ɗin Rayhana ta zo daga Gagarawa ta zauna da uwarta, ni kuma na leƙa kasuwar Maigatari. Cikin kayan da ake shigowa da su daga tsallaken iyaka na ga wani teburin guga, an maƙala masa ɗan faranti a gefe, wai nan ake ɗora dutse, zafi ba ya cin sa. Amma na dutsen lantarki ne, shafal da shi, namu na gawayi in ya hau sai ya lanƙwashe. Sai na jawo hannun Abdulfatah mai walda na ce zo ka gani.

Zinariya: Malam, ni ba wannan ya sa na...

Ɗalhatu: Bari ki ji mana. Ya yanko ƙarfe mai kauri, ya tayar masa da baki ta gefe uku don kar dutse ya zame, ya shimfiɗa tayil a ciki, ya zo har gida ya ɗaure shi da noti a jikin tebur. Ya bar 'yar tazara tsakaninsa da katako, ko wuni dutse ya yi a kai tebur ba zai ji ɗumi ba. Sau nawa na sa ya kwance ya sake, har ya fara gunaguni, don na ce sai ya zo daidai da saman tebur, ba tudu ba gangare. Yanzu ba sai an ɗaga ba. Turawa kawai za a yi, ya shige ya zauna daram. Ƙarar da kika ji ke nan.

Zinariya: To an ji, Allah ya sa albarka. Amma ƙarfe ai ba ya maganin mantu... Tsaya. Ba ka ce kana bakin ƙofa ba?

Ɗalhatu: Ina bakin ƙofa.

Zinariya: To wa ya tura dutsen?

Ɗalhatu: Kin ji sabis ɗin nan ya fara...

Zinariya: Sabis lafiyarsa lau! Rayhana ba ta nan, da safe muka yi magana tana ɗakinta a Gagarawa. Malam Ɗalhatu, wa ke guga a ɗakin nan?

Ɗalhatu: Mai dutsen.

Zinariya: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya? Yaya ka ba wuta?

Ɗalhatu: Ban ba ta ba. Nata ne, cikin kayan ɗakinta ya zo.

Zinariya: Mace ɓari guda a shanye, ka miƙa mata garwashi? Anya kanka ɗaya kuwa?

Ɗalhatu: Tunda kin kama ni, bari ki ji yadda aka yi, ki kai wa Alhaji ba ragi ba ƙari. Ranar nan ban kifa dutse kan riga ba. Na zuba gawayi, na ajiye shi a ƙasa kan fasasshen kaskon da take ɗora shi tun da can, na shimfiɗa riga a tebur. Aka kira la'asar, na ce in na dawo na goge. Teburin yana jikin gado. Ina dawowa na tarar da hayaƙi. Ashe ta jawo jiki zuwa bakin gado, ta sunkuya ta ɗago dutsen nan da hagu, Allah kaɗai ya san yadda ta yi. Ta goge hannun riga guda. Da ta gaji, sauke shi ƙasa ya gagara. Na same ta riƙe da mariƙin, riga na ci, ita kuma ta ƙi saki.

Zinariya: Wayyo Yaya! Wayyo Allah!

Ɗalhatu: Na ce wa maƙwabta ni ne. In na ce ita ce, kafin magariba gari ya ɗauka ciwon ya taɓa mata kai.

Zinariya: To ai wannan ya fi na Juwairiyya muni! Ka ga abin da ya faru da idonka, maimakon ka ɓoye dutsen sai ka je ka yo masa kujera?

Ɗalhatu: Na ɓoye. Na kai shi zaure na tura bayan buhuna. Sai ta juya fuska bango. Ta ƙi koko, ta ƙi tuwo, ta ƙi magani. In na kai cokali sai ta damƙe baki. Dama tun da aka sallamo mu daga asibiti sai na yi ta lallashi kamar mai yaye, amma wannan karon ko kallona ba ta yi. Na rasa inda zan sa kaina, na ɗauko ƙonanniyar rigar ina jujjuyawa. Zinariya, hannun da ta goge ɗin nan, wallahi ya kwanta sumul, karinsa ya fito tsaf, irin wanda nake shiga ofis da shi a da ana tambayata wane mai guga nake kai wa. Da hannun hagu fa! Sai na ce matar nan ba ƙarfinta ne ya ƙare ba, wurin ajiyewa ne ba ta da shi.

Zinariya: Yanzu tana ci?

Ɗalhatu: Jiya malmalar tuwon gero guda ta tashi da ita, har ta nuna min miyar ba gishiri.

Zinariya: Yaya ke nan. Ko kwance take sai ta yi gyara.

Ɗalhatu: Kayana kaf ta goge, da nata, da labulen ƙofa. Da suka ƙare na koma ina yamutsa gogaggun a ɓoye ina sake ba ta. Ta duba riga, ta dube ni, ta jefe ni da mafici.

Zinariya: Kai Malam, ka sa ni dariya ina cikin ɓacin rai. Amma tsaya. Ɓarin daman nan ba ya ji. In garwashi ya faɗo mata a cinya ba za ta sani ba sai ta ji ƙauri.

Ɗalhatu: Na sani. Shi ya sa mazaunin yake hagu. Ina tokare mata baya da matashi, hannun daman in ɗora mata shi can nesa. Ni ke zuba gawayi, ni ke fifitawa, ni ke kulle murfi, ni ke juya mata riga. Kuma tun ranar ban sake matsawa inda idona ba ya kanta ba matuƙar akwai wuta a ciki. Yanzu haka kallon ta nake.

Zinariya: In tsautsayi ya zo fa?

Ɗalhatu: Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko a kan tabarmarku ne.

Zinariya: Me za ka ce wa danginta in ta ƙone?

Ɗalhatu: In ce ta ƙona yatsa tana aikinta. Ya fi min in ce ta mutu fes ba tabo, fuska na kallon bango.

Zinariya: Kai Malam! Wannan magana ta yi min zafi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ita ta goye ni, ita ta kai ni ɗakin miji. Kana gani kamar ƙwace maka ita za mu yi, alhali wallahi tsoro muke ji. Ni tun da Juwairiyya ta faɗa abinci ma ba ya min daɗi.

Ɗalhatu: Na sani, ƙanwata. Ni ma tsoron nake ji, kullum da shi nake tashi. Ki zo ki zauna da mu in an gama yankan gero, ga ɗaki nan, ki kama mana. Ƙofata a buɗe take ga mai zuwa taya ni. Mai zuwa ɗauka ne zai same ta a rufe.

Zinariya: Yaya Gudaji ya ce in ka ƙi, zai biya ta wurin mai unguwarku da limaminku, su zo tare.

Ɗalhatu: Su zo. Akwai tabarma a zaure, akwai ruwan sanyi. In sun huta su koma.

Zinariya: Kuma... ban so in faɗa maka ba. Rayhana ma ta yarda.

Ɗalhatu: Rayhana?

Zinariya: Ita ta fara kiran kawun nata tana kuka. Ta ce kai ma jikinka ya ƙare, ka rame, gwiwa ta kumbura, sallah ma a zaune kake yi. Ta ce kar ta rasa ku duka biyu.

Ɗalhatu: Hmm.

Zinariya: Halo? Malam? Ya yanke ne?

Ɗalhatu: Bai yanke ba. 'Yar tawa. Ta zo ta ci tuwona ta tafi ba ta ce min komai ba.

Zinariya: Nauyinka take ji. Kuma don tana son ka ne.

Ɗalhatu: Kowa don so yake yi, na lura. To shi ke nan. Alhaji ya yarda, Gwaggo ta yarda, Rayhana ta yarda, mai unguwa zai yarda, liman ya shafa fatiha. Ita mai jikin an tambaye ta?

Zinariya: Haba Malam, ai ba ta magana.

Ɗalhatu: Da ku ne ba ta magana. In kun zo dubiya kuna tambaya kuna ba kanku amsa. "Yaya ya jiki? Da sauƙi ko? Za ki sha kunu? A kawo mata kunu." Kafin ta haɗo kalma guda kun sa takalmi. Ga ta nan, ki tambaye ta da bakinki. In ta ce za ta, ni da kaina zan ɗauke ta in sa a motar Alhaji, in haɗa mata kayanta.

Zinariya: Ka yarda?

Ɗalhatu: Wallahi tallahi.

Zinariya: Ka rantse fa, Malam.

Ɗalhatu: Na rantse, kuma ba zan yi kaffara ba. Amma da sharaɗi. Ki yi tambayarki ki ja bakinki ki jira. Kar ki ƙarasa mata magana ko da katin mijinki zai ƙare. Bari in shiga, Allah ya sa sabis ya riƙe. Hadijatu, tura shi mazauninsa tukuna. Yawwa. Ƙanwarki ce, Zinariya. Ga shi na riƙe miki a kunne.

Zinariya: Yaya? Yaya, ni ce. Ya jiki? Da sauƙi k... to, to, na yi shiru. Yaya, kina ji na? Yaya Gudaji zai zo gobe da mota, a kawo ki gida mu yi jinyarki. Za ki zo?

Hadijatu: Zi... Zina...

Zinariya: Na'am, Yaya. Ina ji.

Hadijatu: Ki... ce...

Zinariya: In ce kina zu...

Ɗalhatu: Zinariya!

Zinariya: Na bari, na bari. Yi haƙuri, Yaya.

Hadijatu: Ki ce... wa... Yaya. In... zai... zo...

Zinariya: Uhm.

Hadijatu: Ya zo... da... riga. In... goge... masa.

Zinariya: La ilaha illallahu! Yaya! Yaya, kin yi magana! Sake faɗa, don Allah sake faɗa in ji!

Ɗalhatu: Ta ture wayar. Gawayi na ci, tana nuna min in juya mata wuyan riga.

Zinariya: To Malam, ni yanzu me zan ce wa Yaya Gudaji?

Ɗalhatu: Abin da kika ji. Sai anjima.

Zinariya: Tsaya mana, ba ni ita in... Malam? Malam!